Inci Shida a Ƙugun Wando

Ni ba na yanke yadi idan aka kawo mini wando a rage ƙugu. Wasu teloli da sun ɗinke sai su sa almakashi su datse abin da ya yi saura, aiki ya fito tsaf ciki da waje. Ni kuwa ninke shi nake yi in kwantar da shi ta ciki, in bi da guga, saboda mutum yau ya rame, gobe ya murmure ya dawo yana neman a buɗa masa. Haka matar da ta koya mini ɗinki take yi, ni ma haka nake yi shekara ashirin da takwas a shagona, ɗan ɗakin da ke maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Amma in faɗi gaskiya, waɗanda suka dawo a buɗa musu ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya yi ƙiba sabon wando yake saye, ya manta da ni.

Mu uku iyayenmu suka bari. Babbanmu malamin lissafi ne a makarantar sakandare, sai ni, sai Auta da ke tuƙa bas na kamfanin sufuri. A gidanmu in an ce Yaya kawai, babban ake nufi. Ni Yaya Tela Auta yake kira na, shi kuwa ko da furfura ta fara cin gemunsa, yana da shekara arba'in da bakwai da 'ya'ya huɗu, Auta yake har gobe.

Ina da littafin awo mai baƙin bango, kowane mai kawo ɗinki da shafinsa. Shafin farko na Yaya ne, don shi ya fara kawo mini aiki ranar da na buɗe shago, lokacin da ko layi ban iya miƙewa sosai ba. Ƙugunsa inci talatin da takwas, ya daɗe a haka har na daina auna shi.

Wata ranar Asabar ya shigo da wandunansa uku na zuwa aiki a leda, ya zauna a bencin da ke bakin ƙofa ya ce in ɗan rage masa, suna zame masa. Na zagaya shi da tef, talatin da shida. Na yi ta tsokanarsa, na ce ashe tumbin nan yana jin magana, mu da muka ɗauka sai da shi za a yi ritaya. Ya ce ajinsa aka mayar bene na uku, hawa da sauka ne. Na rubuta lambar da kwanan wata, na rage, na ba shi.

Bayan wata huɗu ya dawo da wandunan nan dai. Talatin da huɗu. A wannan karon ya ce basir ne ya sa shi gaba, ya rage cin abinci, kuma wani abokin aikinsa ya ba shi magani a kwalba yana sha. Ban tambaye shi komai ba. Wace ƙanwa ce za ta tsare yayanta tana tambayarsa abin da yake gani a bayan gida? Na ce Allah ya sauwaƙe, na rubuta lambar a ƙarƙashin ta baya.

Karo na uku talatin da biyu ne. Rage inci shida a wando ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, aljihunan baya sai su haɗe, wandon ya zama abin dariya. Na ɗauki yini guda a kansu. Na raba ragin tsakanin baya da gefe, na matsar da madaukan bel, na yi 'yan ninki biyu a gaba, har wandunan suka zauna masa kamar a jikinsa aka yanka su. Rigunansa dama masu faɗi nake ɗinka masa. Ya tsaya gaban madubi ya juya, ya ce ai babu tela irina a garin nan, ni kuma na ji daɗi har raina. Ina tuna wannan jin daɗin, kuma ba na yafe wa kaina shi.

Sati bakwai bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, da alli a hannunsa.

Likitar da ta tara mu a ofishinta mace ce mai sanyin murya, ba ta kai ni shekaru ba. Ni da Auta da matar Yaya muka zauna a kujeru biyu da rabi, Auta ya ɗosana a hannun kujerata. Ta ce ciwon daji ne a babban hanji, kuma ya riga ya tsallaka zuwa hanta. Sai ta tambaya tun yaushe ya fara ramewa. Matar Yaya ta dubi Auta, Auta ya dube ta. Ta ce ita dai ba ta lura ba sai 'yan kwanakin nan, kayansa duk suna zaune masa daidai.

Na ce, "Wata goma sha ɗaya. Inci shida."

Duk suka juyo suna kallona. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Likitar ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta jawo takarda ta zana mana hanji, ta ce wannan ciwon yawanci ɗan tsiro yake farawa, ya yi shekaru zaune shiru, ba zafi ba alama. In aka duba aka same shi a lokacin, cire shi ake yi nan take, mutum ya sa takalminsa ya koma gida. In aka jira sai jini da rama sun yi sallama, to wani lokacin an makara. Ta ce tunda ɗan'uwanmu ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni da Auta ya kamata a duba hanjinmu da na'ura mai kyamara, kada mu jira sai mun ji wani abu. Ta rubuta takarda biyu, ta miƙa wa kowa tasa.

Wata biyar Yaya ya ƙara. Ba zan ba da labarin watannin nan ba, ban da cewa a ƙarshe zani ake rufa masa, babu wandon da zai zauna a jikinsa, kome ƙwarewar tela. Allah ya jiƙansa.

Ni na je an duba ni tun yana raye, ba don jarumta ba, tsoro ne ya kai ni. Yini guda na rufe shago ina shan maganin wanke ciki, ina safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida, har maigidana ya ce ko ya kai mini katifa can. Da safe a asibiti suka ba ni wani gajeren wando mai tsaga a baya, ɗinkin da in ni na yi shi zan ji kunyar karɓar ko sannu. Aka yi mini allura, barci ya ɗauke ni, na farka an gama. Likitar ta nuna mini hoto, tsiro biyu, babban bai fi maɓallin riga ba. Ta ce ta cire su duka, ba su zama komai ba tukuna, in dawo bayan shekara uku. Ni da ko ciwon ciki ba na yi. Na fito na zauna a bakin titi ina jiran mota, ina tunanin girman da maɓallin Yaya ya kai ranar da ya fara kawo mini wando a rage.

Auta kuwa ya ce allambaran. Da farko wasa ya mayar da abin. Ya ce shi awa goma sha biyu yake yi a zaune kullum, wurin nan ya sha wahalar da ta ishe shi, babu mai ƙara masa da kyamara. Ya ce in hoto suke so su zo su ɗauki fuskarsa, ta fi kyau. Takardar likita ya cusa ta a aljihun gaban bas, cikin tsofaffin rasit da tsumman goge hannu. Da na matsa masa bayan rasuwar, wasan ya ƙare. Ya ce Yaya da ƙafarsa yake yawo, yana koyarwa yana dariya, sai da asibiti suka raɗa wa abin suna sannan ya kwanta bai tashi ba. Duk wanda ya je nema sai ya samo, shi kuma ba ya neman komai.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da maigidana. Daga baya na gaji na sa masa ido. Kullum bas ɗinsa yana bi ta gaban shagona sau huɗu, ya danna mini oda sau biyu, ni kuma in ɗaga masa almakashi.

Wata huɗu da rasuwar Yaya, ranar hutunsa, sai ga shi ya shigo da leda. Ya zauna a bencin bakin ƙofa, ya zaro wandunan aikinsa guda biyu, masu ruwan toka, ya ce in ɗan rage masa ƙugu, suna zame masa in ya sauko daga mota.

Na ajiye rigar da ke hannuna. Na ce ya miƙe. Na zagaya shi da tef, na duba, na sake zagayawa don ko hannuna ne ya matse. Shafinsa a littafi talatin da shida yake cewa. Tef ya ce talatin da huɗu.

Sai na yi masa tambayar da ban yi wa Yaya ba. Na tambaye shi ko yana ganin jini in ya zagaya, ko cikinsa ya canza, yau gudawa gobe ɗaurewa. Ya dube ni kamar na mare shi a gaban 'ya'yansa. Ya ce wannan wace irin magana ce, shi wando ya kawo, ba asibiti ya zo ba.

Na ce, "Ba zan rage ba."

"Yaya Tela, inci biyu ne fa. Aikin minti goma."

"Na sani. Ka je a duba ka, ka kawo mini takarda, in rage maka har na gida."

Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce tun da Yaya ya rasu na zama kamar mai shelar mutuwa, kowa na gani sai in auna shi da ido. Ya ce ba ni kaɗai ce tela a titin nan ba. Ya kai hannu zai kwashe wandunan, na riga shi danne ɗaya da gwiwar hannu, ni da shekara hamsin da uku, shi yana ja ina ja, har mai gyaran waya ya leƙo. Ya saki, ya fita da ɗayan. Ina kallonsa ya tsallaka titi ya shiga shagon telan da ke kusa da kantin magani, wanda na san almakashinsa ba ya barin ko zare ɗaya a ciki.

Sati uku bas yana wucewa ba oda. Na rataye wandon da na ƙwace a bayan ƙofa, in na ɗaga kai daga keken ɗinki sai in gan shi. Aiki ya daina yi mini kyau, har hannun riga na ɗinka a juye na farke. Wani lokacin in ce na kyauta, wani lokacin in ce na kori ƙanina a banza, wataƙila baƙin cikin rashin Yaya ne kawai ya rage masa ci, kamar yadda ya rage mana duka.

Matar Auta ce ta warware mini. Amarya muke ce mata har yanzu, duk da babbar 'yarta ta kusa gama makaranta. Ta zo da siket wai zif ya lalace, zif ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau. Ta jira mai kawo ɗinkin da ke gabanta ta fita, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce wata biyu ke nan tana ganin jini in tana wanke bayan gida. Ta yi masa magana ya ce basir ne, babu direban da ba shi da shi, akwai wani mutum a tasha da ke sayar musu da magani a kwalba. Da ta ambaci takardar likita sai ya ce ita da yayarsa sun haɗa baki suna yi masa fatan ciwo. Tana faɗa tana murza bakin siket ɗin, ta ce ita tsoro take ji, ba ta san wanda za ta gaya wa ba.

Basir da kwalba. Ko kalma ɗaya bai canza ba daga abin da Yaya ya faɗa mini a kan bencin nan.

Kayan Yaya suna wurina, matarsa ta kawo mini jaka guda in duba waɗanda za a gyara a bayar. Ban taɓa buɗe jakar ba sai ran nan. Na zaro wando ɗaya daga cikin ukun nan, baƙi, na sa reza a jakata, na rufe shago da rana tsaka na hau mota zuwa ƙarshen layi, inda direbobi suke hutawa kafin a kira su.

Na same shi shi kaɗai a cikin bas, ƙofa a buɗe, ya ɗora ƙafa a kan sitiyari yana shan shayi. Da ya gan ni ya sauke ƙafar, ya gaishe ni a daƙile. Na zauna a kujerar farko, ta bayan ƙofa, na shimfiɗa wandon a cinyata na juya cikinsa waje. Ya gane shi nan take, na ga yadda ya ajiye kofin.

Layi uku ne na ɗinki a bayan ƙugun, kowanne da kalar zarensa, don ba na samun zare iri ɗaya kullum. Na sa reza a na ƙarshe, mai ruwan toka, na ce masa wannan ranar Yaya ya tsaya gaban madubi ya yabe ni. Na farke. Na kama na biyu, shuɗi mai duhu, na ce wannan ranar ya ce mini basir ne, abokin aikinsa ya ba shi magani a kwalba. Na farke shi ma. Na farko baƙi ne, na ce wannan kuma ranar na yi masa dariya, na ce tumbinsa ya fara jin magana. Reza ta yanke ni a yatsa, ban tsaya ba.

Da zaren ƙarshe ya saki, yadin da na ninke ya buɗe. Sauran wandon ya koɗe da wanki da rana, amma wannan wurin baƙi ƙirin yake kamar yau aka yanko shi daga kanti. Na miƙa masa na ce ya riƙe. Ya sa tafin hannunsa a kai, yadin ya fi tafin faɗi.

Na ce, "Wannan duk jikin Yaya ne. Ni na ninke shi na ɓoye, na bi da guga, har matarsa ba ta gani ba. Da ban iya ɗinki ba, da wani ya lura tun da wuri. Ba zan ɓoye naka ba, Auta. Ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata, na yarda."

Yana ta kallon yadin, yana shafa shi da babban yatsa. Can mai kula da layi ya buga gefen motar ya ce lokacinsa ya yi. Auta ya ninke wandon a hankali, yadda Yaya yake ninkewa, karin guga a kan karin guga, ya ɗora shi a gaban gilashi. Na sauka, fasinjoji suka fara hawa. Na koma shago ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Washegari ina buɗe ƙofa sai ga shi tsaye da takardar likita a hannu, ta yi laushi, baƙin mai ya ci kusurwa ɗaya. Bai gaishe ni ba ma. Ya tambaya ko ina ganin za su karɓe ta a haka.

Sun karɓa. Ranar da aka duba shi ni da Amarya muka zauna a baranda a kan kujerun roba, muna kallon ƙofa ɗaya. Ni da aka duba ni bai wuce rabin awa ba, shi kuwa aka daɗe. Da likitar ta kira mu, yana zaune a gefen gado da barci a idonsa. Ta ce ta ga wani tsiro da ya wuce a cire shi da na'urar, ta ɗebi kaɗan za a auna. Kwana goma muka jira. Amarya tana zuwa shago kullum ta zauna, ba ta kawo ko zif ɗin ƙarya.

Ciwon daji ne. Da likitar ta faɗa, Auta bai dube ta ba, ni ya duba.

Ya ce, "Kin gani ko? An je nema an samo."

Maganar ta soke ni. Likitar ce ta ce masa dama yana nan, da an duba da ba a duba ba, girma kawai yake yi. Ta juya masa hoton cikinsa, ta nuna hanta da huhu, ta ce duk babu komai, abin bai fita daga bangon hanjin ba. Za a yanke wannan yankin a haɗe sauran, kuma mafi yawan waɗanda aka samu a wannan matakin suna warkewa. Na tambaye ta da ya zo ranar da ta rubuta takardar, wata goma da suka wuce, da ba sai an yi tiyata ba? Ta ce ba za ta rantse ba, amma da aikin zai iya fin haka sauƙi. Ta ƙara da cewa ramar ma wataƙila ba ciwon ne ya kawo ta ba, mai yiwuwa rashin ɗan'uwansa ne. Ban san dalili ba, wannan maganar ce ta sa Auta ya rufe fuska da hannu biyu.

Aka yi tiyata, ya kwana takwas a asibiti. Sakamakon abin da aka yanke ya fito da kyau, aka ce ba sai an ɗora shi a kan maganin ƙarin ruwa irin wanda Yaya ya sha ba, sai dai ya riƙa zuwa ana duba jininsa duk bayan 'yan watanni. Kowa ya yi hamdala, ni ma na yi, amma hankalina bai kwanta ba, don ina ganin yadda wuyan rigarsa yake yi masa yawa.

Da zai koma aiki bayan wata biyu, Amarya ta raka shi shagon. Wandon da telan can ya rage masa ya yi masa yawa shi ma, ya ce zai mayar masa ya ƙara ragewa. Na sauko da wanda na ƙwace daga bayan ƙofa, na kaɗe ƙurarsa, na zagaya Auta da tef. Talatin da biyu. Na tsaya da biro a kan shafinsa na kasa rubutawa, don lambar da shafin Yaya ya tsaya a kanta ke nan. Ya lura, ya kau da kai yana kallon titi. Na rubuta. Na rage inci huɗu, na ninke yadin na kwantar da shi ta ciki, na bi da guga.

Ya koma tuƙi, amma ba Autan da na sani ba. Yana danna oda sau ɗaya, wani lokacin ya manta. In mun haɗu ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, babu tsokana. Na san wani ɓangare na zuciyarsa yana ganin ni na jawo masa wuƙa, kuma na ce na yarda, to ga shi ina biya. Duk ranar da zai je auna jini ba na iya cin abinci sai Amarya ta kira ni. Sau biyu ta kira ta ce lafiya lau. Ko da haka, in bas ya wuce sai in bi shi da ido ta gilashi, ina auna kafaɗarsa daga nesa.

Wata bakwai bayan tiyatar, wata Asabar da hantsi, ina ɗinka labule sai leda ta faɗo a kan kekena. Auta ne tsaye a bakin ƙofa. Ya ce wannan wane irin ɗinki na yi masa, wando yana yanka masa ciki kamar an ɗaure buhu, in ya zauna a mota sai ya ɓalle maɓalli. Ya ce ɗayan kuma ya mayar wa telan can a buɗa, mutumin ya juya shi ya ce babu abin buɗawa, ya riga ya yanke. Sai ya zauna a benci ya ce a gaskiya telolin titin nan sai a hankali, daga mai yanke wa mutum wando sai mai ƙwacewa.

Na ce ya miƙe. Na zagaya shi da tef, ban matse ba, ban sassauta ba. Talatin da huɗu.

Na buɗe littafin. Sai da na wuce shafin farko kafin in kai nasa, kuma ban iya wucewa ban duba ba, lambobi huɗu a jere suna sauka, ƙasansu fili. Na kai shafin Auta na rubuta talatin da huɗu a ƙarƙashin talatin da biyu. Na ɗauki reza na fara farke ɗinkin, amma idona ya cika na daina ganin zaren, sai da na goge da gefen gyale. Ya yi kamar bai gani ba, yana wasa da makullin motarsa.

Na buɗe inci biyu, na ninke biyun da suka rage na mayar ciki. Ya leƙo yana kallon yadin.

Ya ce, "Wannan kuma fa?"

"Na talatin da shida ne."

Sannan ya tambaya a hankali, ba da muryar wasa ba, "Yaya Tela, kina ganin zan kai?"

Na sa wandon a ƙarƙashin allura na sauke ƙafar keke.

Na ce, "Ai shi ya sa ban yanke ba."